Kafin Ka Mai Da Shanunka Bulo

 Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in faɗi ra'ayina a kan wata magana da ta cika bakin jama'armu a 'yan shekarun nan, watau maganar gina gidan haya. Ni ba lauya ba ne, ba kuma magini ba. Sayen shanu da sayarwa shi na tashi na tarar ana yi a gidanmu, shi na ke yi fiye da shekara 30. Amma ina da 'yan ɗakuna a Yendi da na ke ba da haya, kuma na sha wuya kafin su tsaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya muna zaune a karar Turaku ta Ashaiman muna jiran mahauta su kawo cikon kuɗi, sai ɗan wani aminina ya matso kusa da ni ya ce, "Baba Alhaji, ni dai na gaji da hanya. Zan sayar da abin da ke hannuna duka, in sayi fili in zuba ɗaki goma, in zauna ina karɓar haya." Na ce masa, "Ɗana, jawo benci ka zauna tukuna." Abin da na gaya masa ran nan shi zan maimaita a nan, domin na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba.

Da farko dai ban ga laifinsa ba. Duk mai bin hanyar Bitu da Puytenga da Fadan Gurma ya san yadda ta koma, mutum ya fita da kuɗi a jiki bai san ko zai sake ganin iyalinsa ba. A watan Janairu na 2025 Burkina da Mali da Nijar suka fice daga ECOWAS, kowa ya shiga zullumin abin da zai tarar a kan iyaka. A 2023 ciwon saifa ya ɓulla a wajen Binduri, hukuma ta hana kai da kawo da yanka da sayar da dabbobi na wata guda a yankin Bolga da Bawku, ana dab da Babbar Salla. Ga kuma sidi. Muna saye da sefa, muna sayarwa da sidi, sau da yawa ma bashi. A ƙarshen 2022 tsadar kaya ta hau da kashi 54 cikin 100. Wanda ya ba mahauci shanu a watan Agusta na shekarar aka biya shi a Nuwamba, da ya je canji sai ya ga riba ta narke har ta taɓa uwar kuɗi. Mai cewa zai kai ajiya kuma, ya tuna 2019 da Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da rance 347 a rana ɗaya.

Saboda haka neman wurin da kuɗi za su zauna ba wauta ba ne. Ni ra'ayina shi ne a gina. Amma a gina da riba, kada a taɓa uwar kuɗi, kuma kada a buga bulo ko ɗaya sai takardar fili ta kammala.

Bari mu yi lissafi irin namu na kara. Mu ƙaddara, alal misali kawai, ɗaki ɗaya ya ci maka sidi 30,000 daga tushe zuwa rufi, har da rabonsa na kuɗin fili da na bayan gida. Mu ƙaddara kuma ka sami mai biyan sidi 200 a wata, watau 2,400 a shekara. Cire harajin haya na GRA, kashi 8 cikin 100 in gidan kwana ne, in shago ne kuwa kashi 15. Wannan kusan kuɗin wata guda ke nan ya tafi. Cire wani watan saboda gyaran kwano da fenti da kwanakin da ɗaki zai zauna ba kowa. Saura 2,000. Shekara 15 ke nan kafin kuɗinka su dawo gida. Kowa ya sa farashin garinsu ya buga da kansa. To, wannan sidi 30,000 in da tana cikin shanu, sau nawa za ka juya ta tsakanin Salla da Salla? Ai ka fi ni sani.

Gidan haya ba ya sa mutum arziki da sauri, duk wanda ya ce maka haka fili ya ke so ya sayar maka. Amfaninsa dabam ne. Ba ya faɗuwa a cikin tirela 'yan'uwansa su tattake shi, ba ya ramewa da rani, ɓarawo ba ya kora shi da dare, ran da gwiwa ta gaza hawa mota kuma shi zai sa tukunya a wuta. Wanda ya sayar da jarinsa duka ya shiga gini, ya rufe ƙofar da kuɗin ginin za su riƙa shigowa. Ku duba bakin hanya daga Tamale zuwa Yendi, ku ƙirga kangayen da suka tsaya a linta ciyawa ta fito a cikinsu. Da yawa masu su ba matalauta ba ne, lissafin ɗaki goma suka yi da kuɗin ɗaki huɗu, siminti kuma bai jira su ba. A 2024 buhu ya haura sidi 100.

Akwai kuma abin da biro ba ya iya lissafawa, shi ne ma ya fi damuna. Shanu na da ƙafa, gida ba shi da ita.

Mu asalin gidanmu Salaga ne, don haka wannan magana ba a littafi na fara jin ta ba. A zamanin da, duk ayarin da ya taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ya ce za shi Gwanja, Salaga ya nufa, ya kawo kanwa da tufafi da dabbobi ya koma da goro. Manyan garin su ne masu gida, masu zaure da ɗakunan saukar baƙi. Amma ku lura, ba haya su ke karɓa ba. Maigida ya sauki falke, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a ciniki, ya ci la'ada, kamar dai yadda muka tarar masu gidanmu na Kumasi suna yi. Ɗakin yana yi wa ciniki hidima ne, ba a kashe ciniki don a gina shi ba. Sai Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, hanyar goro ta fara karkata zuwa Kintampo, yaƙin basasa na 1892 kuma ya ƙarasa garin. Masu haja da dabbobi suka ɗaura kaya suka yi Kete-Krachi da Yeji da sauran wurare, har da malamai irin su Alhaji Umaru wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Gidaje fa? Aka bar wa gara.

Garin ya sake farfaɗowa, domin babbar hanyar mota daga Kumasi zuwa Tamale ta bi ta Yeji da Salaga. Da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafki ya cika, ƙetaren Yeji zuwa Makango ya yi faɗi, manyan motoci suka koma bi ta Kintampo da Buipe. Wannan karon ba a harba bindiga ko ɗaya ba, amma mai ɗaki a Salaga ya nemi baƙi ya rasa. Sau biyu ke nan hanya ta tashi ta bar gari a zaune.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya bai daina ba da labarin Nuwamba 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Ya ce ya ga an sayar da gida a kuɗin da bai kai na kwanon rufinsa ba, waɗansu ma mabuɗi kawai suka bar wa maƙwabci ba su sake dawowa ba. A 1983 Nijeriya ita ma ta yi irin nata. Na 1994 kuwa da idona na gani ina saurayi, yaƙin da ya taso daga Nakpayili kusa da Bimbilla ya ci ƙauyuka fiye da 400, ya girgiza Yendi da Salaga duka. Mai garke in ya ji ƙishin-ƙishin da wuri yana iya korawa cikin dare, mai gini sai dai ya ɗauki 'ya'yansa. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani II, Yendi ta shiga dokar ta-ɓaci da ta hana fita, baƙin ma'aikata suka yi ta neman a canza musu wurin aiki, ba a kuma naɗa sabon Ya-Na ba sai Janairu 2019.

Bawku kam ba sai na gaya wa kowa ba. Ba zan shiga maganar wa ke da gaskiya ba, ba hurumina ba ne, kuma ina da abokan ciniki ta kowane ɓangare. Abin da na sani shi ne, da a ce a shekarun baya aka tambaye ni garin da ya fi dacewa da gidan haya a arewacin Ghana, da na ce Bawku ba tare da na yi tunani ba. Ga Togo ta Sinkase, ga Burkina ta Kulungugu, ga albasa, ga shanu, ga asibiti, ga makarantu. Da rikicin sarauta ya sake tashi a ƙarshen 2021 aka sa dokar hana fita, na san mutanen da ɗakunansu suka zauna a kulle, ba mai haya ba mai saye. Allah ya kawo mana ƙarshensa, ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ba ina nufin kada a gina a garuruwanmu ba ne. In ba mu gina ba wa zai gina? Abin da na ke nufi, kada mutum ya sa a bango abin da in ya rasa shi ba zai iya komawa kara ba. In kuma Allah ya buɗa har za a yi gida na biyu, to kada ya zama a gari ɗaya da na farko.

Yanzu sai maganar fili, inda ni kaina aka yanke ni. A wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, wani mai shiga tsakani ya kai ni ya nuna mini fili mai kyau, na biya, aka ba ni takarda da dangwalen yatsa, na zuba yashi na buga bulo. Na tafi fatauci na dawo, sai na tarar wani bawan Allah yana haƙa tushe a wurin, da tasa takardar a hannu, ita kuma daga fada ta fito. Ashe wanda ya sayar mini ba shi da ikon ba da ko taki ɗaya. Kuɗin bijimi biyu suka tafi, bulon ma da ƙyar na kwashe rabi. Abin kunyar shi ne, ni da ba na sayen sa sai na buɗe bakinsa na duba haƙori na zagaya shi sau uku, na sayi ƙasa da ido rufe domin mai nuna mini muna salla a masallaci ɗaya.

Ga abin da na koya bayan an sha ni. A ƙasar sarauta a Ghana ba a sayar da ƙasa har abada, tsarin mulki na 1992 ya hana. Abin da ka ke biya haya ce ta dogon lokaci, yawanci shekara 99 ga ɗan ƙasa in gidan zama ne. A Dagomba da Gwanja sarakuna ke ba da fili, Salaga alal misali tana ƙarƙashin Kpembewura ne. A wajen Bawku kuwa akwai filayen da ke hannun dangi da tindana, watau mai kula da ƙasa na gargajiya, don haka sai ka tambaya da kyau wa ke da ikon wurin kafin ka kai goro. In ka sami takardar ba da fili daga mai iko, wannan farkon tafiya ne kawai. Ka ɗauki safiyo mai lasisi ya auna ya zana taswira, ka kai ofishin Lands Commission a bincika ko an riga an rubuta wurin da sunan wani, ko kuwa a tsarin gari hanya ce ko makaranta ko magudanar ruwa. Sa'an nan a rubuta yarjejeniya, a sa hannu gaban shaidu, a yi rajista, ka karɓi izinin gini a Asambili. Akwai kuma 'yan kuɗin ƙasa na shekara-shekara, ka riƙa biya kana adana rasit, domin ran rigima rasit ya fi rantsuwa amfani a kotu. Abin yana cin lokaci, yana cin kuɗi, za a ce ka dawo gobe har ka gaji. Ka daure, bai kai zafin bijimi biyu ba.

'Yan'uwanmu na Nijar da Burkina da Nijeriya da Togo da ke karanta wannan takarda, ku saurara da kyau. Doka ta yarda baƙo ya riƙe fili a Ghana, amma ba fiye da shekara 50 a lokaci ɗaya ba. Waɗansu don gudun wannan sai su sa sunan aboki ko maigidansu a takarda. Wallahi kada ku yi. Abokinka mai amana ne, na yarda, amma zai mutu, 'ya'yansa kuma abin da ke rubuce za su gani. Shekara 50 da sunanka ta fi 99 da sunan wani.

Ginin kansa ba shi da wani sirri. Ni da ɗaki biyu na fara, da bayan gida, da wurin wanka. Duk tafiyar da ta yi kyau in ware kuɗin sa ɗaya in sayi siminti ko rodi ko kwano a ranar, domin kuɗin da suka kwana a aljihun falke sai sun koma kara. Da 'yan haya suka shiga biyun farko, kuɗinsu da ɗan adashi suka ta da na uku. Bashin banki kam ban kusance shi ba. Ban da abin da muka karanta a Islamiyya a kan kuɗin ruwa, lissafi ma bai yarda ba: a 2023 Babban Banki kansa ya kai nasa ruwan kashi 30 cikin 100, ɗakin da muka buga misali da shi kuwa bai kawo kashi 7 ba.

Kafin ka haƙa tushe ka tambayi kanka, wa zai shiga? A garuruwanmu masu biyan haya a kan kari su ne malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan bautar ƙasa, da ɗalibai. A Salaga akwai makarantun sakandare da makarantar koyon jinya ta Kpembe, a Yendi akwai babban asibiti da ofisoshin gwamnati, a wajen Bawku akwai asibitin Presby da kwalejin malamai ta Gbewaa a Pusiga. Ɗaki biyu kusa da irin waɗannan sun fi shida a bayan gari inda fili ke da araha. Su kuma mutanen nan abu uku su ke tambaya tun ba su ga ɗaki ba: ruwa, wuta, bayan gida. A Yendi duk wanda ya yi rani ɗaya ya san wahalar ruwa, don haka tanki ko rijiya na iya sa a zaɓi gidanka a bar na maƙwabcinka. Wuta kuma ka yi ƙoƙari ka raba mita tun farko, rabin faɗan gidan haya a kan kuɗin NEDCo ne, wannan ya ce wancan na da firiji, wancan ya ce wannan na guga. Bayan gida kuwa, abin takaici ne mutum ya yi ɗaki takwas ya bar mutane suna bin layi a na gwamnati ko suna shiga daji. Ana ma cewa kalmar salga daga sunan Salaga ta samo asali, to in haka ne mu jikokin garin ba mu da uzuri.

Sai adibas. Dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata 6 ba, amma kowa ya san ana karɓar na shekara ɗaya har biyu. Ni na daina, kuma ba don tsoron hukuma kaɗai ba. Kuɗin shekara biyu a dunƙule bashi ne a wuyanka. Ka kai su kara ka juya, ko ka yi biki da su, sa'an nan iska ta yaye kwano da damina, ɗan haya ya tsaya a kanka da gaskiyarsa, kai kuma ba ka da ko kwabo da zai shigo sai baɗi waccan. In kaya sun yi tsada a tsakani, kai ka faɗi, domin ka riga ka sayar da wata 24 a tsohon farashi. Ban da haka, ina malamin makaranta sabon ɗauka zai samo kuɗin shekara biyu in ba bashi ya ci ba? A rubuta yarjejeniya ko da da ɗan'uwa ne, addini ma ya umarce mu da rubuta bashi. A ba da rasit. In mutum ya ƙi biya, a kai maganar ofishin Rent Control ko kotu. Cire ƙofa ko yaye kwano don a kore shi laifi ne a doka, kai mai gida za ka koma wanda a ke ƙara.

Dangi fa? Ka ware ɗaki ɗaya ka ce wannan na baƙi ne da 'yan'uwa, ka cire shi daga lissafi, ka huta. Sauran kuwa kada ka sa wanda ba za ka iya tambayarsa kuɗi ba. Tun da mu matafiya ne, a sami mutum ɗaya tsayayye mai lura da gida. Ni uwargida ce ke riƙe da littafin, kuɗi kuma ta MoMo su ke shigowa, ko ina Bitu ina gani a waya.

Abu na ƙarshe da na gaya wa yaron nan shi ne gado. Garke ana raba shi da hantsi ɗaya, kowa ya kora nasa. Gida mai ɗaki biyar da magada goma sha biyu da mata biyu fa? Na ga zumunci ya tsinke a kan wannan fiye da sau ɗaya. Ga shi kuma Ghana na da dokar gado ta 1985 ga wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, rabonta kuma ba daidai ya ke da na mirasi ba. Tun kana da rai ka zauna da malami da lauya, a rubuta abin da ya kamata, iyali su san inda takardun gida su ke.

Da na gama ya yi shiru, can ya ce, "To Baba, da me zan fara?" Na ce ya koma hanya da jarinsa, ya ware kuɗin sa biyu kawai, bayan Salla mu tafi Tamale tare a bincika filin da aka nuna masa a Yendi. Ya ce ai mai filin yana ta kiransa a waya, wai akwai wani da ya zo da kuɗi a hannu, in bai biya cikin mako ba zai rasa. Na ce ya gaya masa ya sayar wa wancan ɗin.